Marka ta mutu bayan kusan shekara 13 a hannuna: sakacina ne ya kashe ta?

Tambaya: Likita, kusan shekara 13 ke nan da na tsinci wata 'yar kyanwa a bakin kwalbati a unguwarmu ta Tudun Wada, Zariya, ana tsakiyar marka, ko idonta bai buɗe ba. Na raine ta da sirinji, na sa mata suna Marka. Mako 3 da suka wuce ta mutu a ɗakina da asuba. Wata 2 kafin nan ta riƙa shan ruwa fiye da kima tana ramewa, na ɗauka zafin bazara ne da tsufa. Da na kai ta asibitin dabbobi aka gwada jininta aka ce ƙodarta ta lalace. Kwana 9 ta ƙara. A daren ƙarshe ta fito daga ƙarƙashin gado ta kwanta jikin ƙafata, ta ja numfashi da ƙarfi sau 'yan kaɗan, ta mutu idonta a buɗe. Wata ta ce mini wataƙila maganin ɓeran maƙwabta ta ci. 'Yan'uwana dariya suke yi mini, wai don mage nake kuka. Ɗana mai shekara 8 kullum sai ya tambaye ni ina take. Laifina ne? Ta sha wahala? Yaya zan yi da wannan kewar?

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da rashi. Allah Ya ba ki haƙuri, Ya mayar miki da alheri. Da gangan na fara da wannan gaisuwar, domin a duk abin da kika rubuto ban ga inda kika ce wani ya yi miki ita ba.

Na haura shekara 20 ina duba dabbobi. Yawancin aikina shanu ne da tumaki da kaji, domin su ne dukiyar mutanenmu, kuma su ake kawo mana. Masu kawo mage ba su da yawa, kuma kusan kowannensu da jin nauyi yake shigowa, sai ya fara ba da uzuri kafin ya buɗe kwalin: wai ta yara ce, wai matarsa ce ta matsa. Daga yadda mutum ya riƙe kwalin nake gane ta wace ce. Saboda haka tambayarki ba baƙuwa ba ce a wurina, kuma zan amsa ta yadda nake amsa wa wanda ke zaune a gabana.

Mu fara da abin da ya fi hana ki barci, wato maganar sakaci.

A cikin kowace ƙodar kyanwa akwai 'yan ƙananan matatai kimanin 200,000, aikinsu tace jini, su fitar da datti ta fitsari, su mayar wa jiki ruwan da yake buƙata. Da shekaru suka ja, sai su fara mutuwa kaɗan-kaɗan, kuma wadda ta mutu ba ta sake tsirowa. Waɗanda suka rage sai su ɗauki aikin 'yan'uwansu, su yi ta yi ba tare da jiki ya nuna komai ba. Kyanwa tana ci, tana tsalle, tana hawa katanga, alhali rabin ƙodarta ya tafi. Sai an rasa kusan kashi 2 cikin 3 na aikin ƙodar kafin fitsari ya fara tsinkewa ya zama kamar ruwa, kuma wannan ne ke jawo ƙishirwar da kika gani. Dattin da aka saba aunawa a gwajin jini kuwa, ba ya tashi sosai sai an rasa kusan kashi 3 cikin 4. Ma'ana, ranar da kika fara ganin Marka tana yawan zuwa bakin bokiti, ciwon ya daɗe yana cin ta a ɓoye, wataƙila shekara ɗaya ko fiye. Ƙarshensa kika gani. Farkonsa babu idon da ke ganinsa, har nawa, in ba an yi gwaji ba.

Ƙari a kan haka, kyanwa gwanar ɓoye ciwo ce. Asalinta kyanwar daji ce ta Afirka, wadda har yau ake samu a dazuzzukan Sahel, ƙaramar mafarauciya da ita ma ake farautarta. A daji, dabbar da ta nuna rauni ta kira mai cinye ta. Kare idan ba shi da lafiya kowa a gidan sai ya sani. Ita kuwa kyanwa sai ta ƙara barci, ta rage wasa, ta nemi lungu, abubuwan da kowa zai ce tsufa ne. Ga shi kuma abin ya faɗo miki a bazara, lokacin da ɗan Adam da akuya da kaza duk randa suke nema. Ina ganin mutane masu kula ƙwarai suna yin irin fassarar da kika yi, kuma a wata na Afrilu fassara ce mai ma'ana.

Ba zan rufe miki gaskiya ba, domin in na yi haka ba za ki yarda da sauran maganata ba. Da an kai ta wata 2 kafin nan, akwai abin da za a iya yi mata: ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata, maganin tashin zuciya, sauya mata abinci zuwa wanda bai cika sinadarin fosfaras ba. Wannan kan ƙara wa wasu makonni, wasu watanni, cikin ɗan jin daɗi. Amma ba ya dawo da ƙodar da ta mutu. Ciwon ƙoda na tsufa ba ya warkewa, ko a Zariya ko a Landan, kuma yana cikin manyan abubuwan da ke kashe tsofaffin kyanwoyi a ko'ina. Abin da jinkirin ya rage mata, in ma ya rage, ɗan lokaci ne. Hanyar kuwa ɗaya ce. Hausawa sun ce da-na-sani ƙeya ce, kuma a wannan ciwon na ga gaskiyar maganar sau da yawa: alamomin ba sa haɗuwa su ba da ma'ana sai bayan an faɗa wa mutum sunan cutar.

Maganar maganin ɓera kuma, ina roƙonki ki sauke ta daga zuciyarki. Irin wanda ke tsinka jini, cikin kwana 3 zuwa 5 yake nuna kansa: dasashi ya yi fari, jini ya fito ta hanci ko a kashi, dabba ta kasa tashi. Baƙin garin nan da ake barbaɗawa a abinci cikin sa'o'i yake kayarwa. Fiya-fiya da danginsa na maganin ƙwari su ma haka, dalalar miyau da karkarwa da shiɗewa nan take. Akwai irin maganin ɓeran da ke taɓa ƙoda, amma shi ma cikin kwanaki yake kwantar da dabba. Kyanwa mai shekara 13 da ta yi wata 2 tana shan ruwa tana ramewa a hankali, sannan gwajin jini ya nuna ƙoda, labarin tsufan ƙoda ne daga farkonsa har ƙarshensa. Kada ki ƙara wa kanki nauyin zargin maƙwabci a kan nauyin rashi. Zama da su za ki ci gaba da yi.

Tun da maganar guba ta zo, bari in ratse kaɗan saboda sauran masu karatu, domin wannan yana ci mini rai. Kada wanda ya ba kyanwa farasitamol, ko da ɓarin ƙwaya ne. Hantarta ba ta da abin narkar da shi kamar tamu. Jininta ne ke lalacewa ya kasa ɗaukar iska, dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura. Na karɓi kyanwoyi da dama da tausayin masu su ne ya kashe su ta wannan hanyar. Ke ba ki yi haka ba, asibiti kika kai ta, kuma wannan shi ne daidai.

Sai tambayar ko ta sha wahala, wadda na san hoton daren ne ke dawo miki da ita.

Idan ƙoda ta gaza, dattin da ya taru a jini yana sa tashin zuciya da kasala da ƙin abinci. Kwanakin nan 9 ba masu daɗi ba ne, kuma duk ƙarin ruwa ko maganin da aka ba ta a asibiti, don rage wannan ne. Amma a sa'o'in ƙarshe dattin nan yana dusashe ƙwaƙwalwa, dabba ta shiga wani irin nauyin barci, saninta ya yi ta raguwa. Jan numfashin nan mai ƙarfi da kika ji, wanda ke zuwa ɗaya-ɗaya da tazara, baki a buɗe, jiki ne ke yin sa da kansa bayan hankali ya riga ya gushe. Mai kallo ne yake jin zafinsa. Wasu ma ƙafarsu kan motsa, ko fitsari ya zubo, duk daga sakin jijiyoyi ne.

Idon kuwa, ki saurare ni da kyau. Rufe ido aiki ne da tsoka ke yi. Idan rai ya fita tsokar ta saki, sai ido ya tsaya a buɗe, baƙinsa ya faɗaɗa. Kusan duk kyanwa da kare da na gani sun mutu, haka idonsu yake, har waɗanda suka tafi a cikin barcin allura ba tare da sun ji komai ba. Abin da kika gani a idon Marka ba tsoro ba ne, ba kuma tuhuma ba ce.

Akwai wani abu a wasiƙarki da kika ambata kika wuce, ni kuwa a kansa na fi tsayawa. Kyanwar da ke jin jiki wurin da ta fi amincewa da shi take nema, shi ya sa da yawa suke shigewa bayan buhuna ko cikin rufi, sai wari ya nuna inda suke. Marka tana da ƙarƙashin gado, wuri mai duhu da babu mai taɓa ta. Da ɗan ƙarfin da ya rage mata ta bar shi ta zo jikin ƙafarki.

Yanzu ki koma baya tare da ni zuwa bakin kwalbatin nan. 'Yar kyanwa tana buɗe ido ne tsakanin kwana 7 zuwa 10 da haihuwa, don haka wadda kika ɗauka ba ta wuce mako guda da 'yan kwanaki ba. A wannan lokacin nauyinta bai fi gram 100 zuwa 200 ba. Ba ta iya riƙe ɗumin jikinta sai ta kai mako 3 zuwa 4. A jiƙe, a watan Agusta, babu uwa, sa'o'i ne suka rage mata, ko sanyi ya ɗauke ta, ko ruwa, ko shaho. Kuma ɗaukar ba ita ce wahalar ba. Sai an ba ta madara duk bayan awa 2 zuwa 3, dare da rana. Sai an goga mata auduga mai ɗumi a ƙasan ciki kafin ta iya fitsari da kashi, abin da uwarta ke yi da harshe. In an ɗura mata da sauri madarar ta faɗa huhu. In an ba ta tana da sanyi cikinta ba zai narkar ba. Marayun wannan shekarun suna mutuwa da yawa ko a hannun waɗanda suka san aikin. Ni kaina na rasa wasu. Taki ta rayu.

A lissafin da muke yi, shekarar farko ta kyanwa kamar shekara 15 ce ta mutum, ta biyu ta kai ta 24, daga nan kowace shekara a ƙara 4. Shekara 13 ta kama kusan 68. Ki dubi magen kasuwa da na bola da ke unguwarku ki gaya mini nawa ne a cikinsu suke ganin furfura. Mota, kare, guba, jifan yara, cutar amai da gudawa da ke share 'ya'yansu. Wadda aka ƙaddara wa sa'o'i a bakin kwata, ta mutu tsohuwa, a ɗaki, a ƙoshe, kusa da wadda ta sani. Idan za ki yi wa kanki hisabi a kan wata 2, adalci ne ki ɗora sauran shekarun a ɗaya gefen ma'aunin.

Mu zo kan kukan da dariyar da ake yi miki.

Kakanninmu sun riga sun gama maganar da suka ce sabo ake yi wa kuka. Sama da kwana 4,500 kina tashi da asuba ki same ta a bakin ƙofa. Kin san ƙarar saukowarta daga taga, ta san ƙarar buɗe tukunyarki. Hannunki ya saba cire mata kan kifi tun kafin ki yi tunani. Akwai 'yan'uwa na jini da ba ki yi zaman awa ɗaya da su ba a bana, ita kuwa kullum tana jikinki. Idan aka cire abu irin wannan daga yinin mutum, ramuka ne ke bayyana a ko'ina: da safe, da lokacin girki, da lokacin kwanciya. Kowane ramin sai ƙafa ta faɗa cikinsa sau da yawa kafin ta koyi kauce masa. Mako 3 kaɗan ne ƙwarai.

Abin da ya ƙara wa naki nauyi shi ne ba shi da wurin zama a cikin jama'a. Idan mutum ya rasu muna da tsari mai kyau: a yi zaman makoki, a zo gaisuwa, a kawo abinci, a ambaci halin mamaci, mai rashi ya ji ba shi kaɗai ba ne. Wannan na mutane ne, kuma ba ina cewa a yi wa dabba ba. Amma sakamakon shi ne mai irin rashinki yakan haɗiye nasa shi kaɗai, ya shiga banɗaki ya yi kuka ya wanke fuska. Wani masanin Amurka mai suna Kenneth Doka ya yi rubutu a 1989 kan irin wannan baƙin cikin da jama'a ba su ba mutum izinin nunawa ba, kuma masu nazarin fannin suna sa mutuwar dabbar gida a cikinsa. Ciwon da ake ɓoyewa ya fi jinkirin warkewa, wannan kuwa ko a jikin saniya haka yake.

Ba zan manta wani dattijo ba, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, da ya kawo mini muzurunsa a cikin buhun shinkafa, mota ta taka masa baya. Babu abin da za a iya yi. Da ya cika, dattijon ya ce in ba shi minti biyu. Na fita na ja ƙofa. Da na dawo na same shi yana goge fuska da hularsa, ya ce mini tun rasuwar matarsa wannan ne kaɗai ke jiran dawowarsa daga masallaci. Sannan ya roƙe ni kada in gaya wa yaron da ya rako shi cewa ya yi kuka. Wannan roƙon ya daɗe yana damuna. Ina ma a ce bai ji yana buƙatar yin sa ba.

Ni ba malamar addini ba ce, amma akwai abubuwan da duk ɗalibin Islamiyya ya sani, kuma ina ganin masu yi miki dariya sun manta da su. Anas ɗan Malik yana da ƙane ƙarami da ake kira Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Tsuntsun ya mutu, yaron ya shiga damuwa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya gan shi haka bai ce masa ai tsuntsu ne kawai ba. Ya kira shi da alkunyarsa cikin lallashi ya tambaye shi labarin ɗan tsuntsun. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi, duniya ta fi saninsa da laƙabin da ya samu saboda 'yar kyanwar da yake ɗauka, Abu Huraira. Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa kwanon ruwan alwalarsa har ta sha, ya ce an gaya musu ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. An ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, da mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare, aka kuma ce a cikin kowace hanta mai danshi akwai lada. Wadda ta tashi tsakar dare da sirinji saboda abin da bai kai tafin hannu ba, ba ta da abin jin kunya a nan.

Duk da haka ba na ba ki shawarar ki tsaya jayayya da su. Da yawa a cikinmu sun tashi ne suna ganin mage a matsayin maganin ɓera kawai, wasu ma tsoronta aka koya musu, musamman baƙa idan ta yi kuka da dare. Wanda bai taɓa zama da ita ba ba zai gane ba, kuma ba mugunta ce ke sa shi dariya ba. Ki nemi mutum ɗaya ko biyu da za su saurara, ki ba su labarinta. Sauran in sun yi magana ki ce musu sabo ne, ki wuce. Idan wani ya ce an yi rashin mutane ba ki yi irin wannan kukan ba, kada ki bari ya shiga ranki. Sau da yawa ma ƙaramin rashi ne ke buɗe ƙofar manyan da mutum ya danne, sai hawayen su zo a haɗe.

Za ki iya jin kamar kukanta a bakin ƙofa, ko ki ga kamar wucewarta ta gefen ido, ko ki ji nauyi a ƙarshen gado. Mutane da yawa suna gaya mini haka a ɓoye suna tsoron ko wani abu ne. Ƙwaƙwalwa ce da ta shekara 13 tana sauraron wannan sautin, ba ta daina jira ba tukuna. Yana raguwa da kansa. Abin da zai sa in ce ki ga likitan mutane shi ne idan makonni suka yi ta wucewa ba kya iya cin abinci, ko barci, ko kula da ɗanki da aikinki, ko kika ji rayuwar ma ta fita daga ranki. Wannan ya wuce kewa, kuma yana da magani.

Ɗanki kuwa, tun da ya buɗe ido a duniya Marka tana gidan, ta girme shi. Ki gaya masa gaskiya da kalmomi masu sauƙi: ta tsufa, ƙodarta ta daina aiki, ta mutu, ba za ta dawo ba. Kada a ce masa ta tafi yawo, domin zai yi ta leƙen ƙofa. Kada a ce barci ta yi, domin wasu yaran sukan tsorata da barci bayan haka. Ki faɗa masa a fili cewa ba wani abu da ya yi ne ya jawo ba, domin yara masu shekarunsa sukan tuna ranar da suka ja mata wutsiya su ɗaura wa kansu laifi su yi shiru. In ya ga hawayenki ba komai, ki ce masa kewarta kike yi. Maimaita tambayar da yake yi hanyarsa ce ta fahimta, ki riƙa ba shi amsa iri ɗaya. Idan ya tambayi inda take yanzu, aya ta 38 a Suratul An'am ta ce dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamarmu, kuma zuwa ga Ubangijinsu ake tattara su. Bayanin abin da ya wuce haka na malamai ne, ku je ku tambaya tare.

Game da yadda za ki riƙe tunawa da ita, abu na farko da nake gaya wa kowa shi ne ya rubuta, kuma ya yi da wuri. Yanzu abin da ya cika miki ido shi ne kwanakin nan 9, ramar da ƙin abincin da daren ƙarshe. Su ne sababbi, shi ya sa suka rufe sauran. Ki sami littafi ki fara daga kwalbatin. Wane zani kika naɗe ta da shi, wa ya ce miki ba za ta kwana ba, yaushe ta fara lasar abinci da kanta, ɓeran farko da ta ajiye miki a bakin ƙofa, yadda ta yi ranar da aka kawo jariri gidan, wurin da take kwanciya da hunturu. Ki bar ɗanki ya faɗi nasa ki rubuta masa, ko ya zana ta. Ƙananan abubuwan nan su ne ke fara gushewa, bayan shekara 2 za ki neme su ki rasa. Hotunanta da ke waya kuma ki fitar da biyu ko uku a wanke miki a takarda. Waya tana faɗawa ruwa, tana ɓata, ana sace ta, kuma na ga wadda ta yi kuka karo na biyu saboda haka.

Idan a gida kuka binne ta, za ki iya dasa wani abu kusa da wurin, lemo ko zogale ko gwaiba, abin da za a riƙa ba ruwa. Ga masu karatu da abin bai same su ba tukuna: a naɗe gawar da tsumma, a haƙa rami mai zurfi kamar mita ɗaya don kada kare ya tone, nesa da rijiya. Jefa ta a bola ko a kwata cutarwa ce ga unguwa, kuma mai ita yakan daɗe yana jin ciwon hakan.

Za a ce miki ki samo wata ki huta. Ciwon ƙoda ba ya yaɗuwa, don haka ta fuskar lafiya babu abin da zai hana ko gobe. Ta fuskar zuciya kuwa, ki jira sai ranar da kika ji kina son wata kyanwar don kanta. Wadda aka kawo don ta cike gurbi takan sha kwatance: Marka ba ta yin haka, Marka ba ta hawa nan. Kowace da halinta. Kada ki sa mata sunan. In ta zo, a yi mata allurar rigakafi tun tana mako 8 zuwa 9, ta ciwon haukan kare a mako 12, a ba ta maganin tsutsa, a yi mata aikin hana haihuwa, in kuma ta haura shekara 7 a riƙa gwada jininta da fitsarinta sau ɗaya a shekara, domin ta nan ne kaɗai ake kama ƙoda da wuri. In kuma kin ji ba za ki sake ba, wannan ma babu laifi. Ilimin da ke hannunki dai kada ya tafi a banza. Mutane kaɗan ne a unguwarku suka san a ɗumama marainiyar kyanwa kafin a ba ta madara, ko a goga mata auduga. Agusta na tafe, kuma wani yaro zai zo da kwali yana neman wanda ya sani.

Kwanonta kuwa, kada ki bari kowa ya matsa miki ki ɗauke shi daga inda yake. Ranar da kika ji kin shirya, ki wanke shi ki kai shi gindin katanga ta waje, inda inuwa take, ki cika shi da ruwa. Magen unguwa da kurciyoyi za su gano shi cikin 'yan kwanaki. Ki riƙa zubar da na jiya kina sa sabo kowace safiya saboda sauro, kuma ki ba ɗanki wannan aikin idan yana so.